Ɗigon Ruwa a Bakin Kasuwa

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba? Ya Auta? Ni lafiya lau, kada a damu.

Duk Asabar ni da abokan karatuna mukan kafa tebur a bakin kasuwa da madubin ƙara girman abu, mutane su leƙa su ga ƙananan halittun da ke cikin ɗigon ruwa. Jiya wata tsohuwa ta leƙa, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ashe su ma ba sa zama su kaɗai!"

Na yi dariya, amma maganar ta biyo ni har gida. Inna, ɗigon nan ya fi ɗakina jama'a.

A riƙa kirana, ko babu labari. A sa mini albarka.

'Yarki