Tsintsiya a Ɗakin Taurari

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Baba? Ka gaishe min da Umma da yara.

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Na samu aiki a wani ɗakin kallo mai rufi kamar ƙwarya a kife, inda ake haska wa 'yan makaranta hotunan taurari. Sai dai ba koyarwa nake yi ba, sun ce takarduna ba sa aiki a nan. Shara nake yi, da kankare cingam a jikin kujeru.

Shekaranjiya wata yarinya ta tambayi mai yi musu bayani me ya sa 'yan sama jannati suke shawagi a cikin tasharsu. Ya ce wai can duniya ba ta jan komai. Yaya, shekara goma sha ɗaya ina koyar da wannan darasin a gida! Na kasa haƙuri, na ce, "A'a, tana jansu. Faɗowa suke yi, amma tsananin gudunsu ya sa suke ta kewaya ta ba su taɓa ta ba. Haka wata ma yake yi."

Yarinyar ta yi murmushi, ta rubuta a littafinta.

Da aka tashi manaja ya kira ni, ya ce, "Shara muka ɗauke ka ko lacca?" Yanzu an mayar da ni wankin banɗaki, ba na shiga ɗakin sai yara sun watse.

Idan Baba ya tambaya, ka ce masa ina aiki a ɗakin taurari. Ba ƙarya ka yi ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka.