Mijina Ya Tsallake Ni, Ya Ɗauki Buhun Yashi

Anti Meleane, don Allah ki taimaka ki warware mini wani abu da ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi wucewa, ya ƙi fitowa.

Ni da mijina Semisi a tashar wutar lantarkin tsibirinmu muke aiki. Ni ina ofis ina amsa waya, shi ne shugaban 'yan agajin gaggawa. Duk shekara kafin lokacin guguwa ana yin atisaye: a buga jiniya, a yi kamar tankin dizal ya kama wuta, kowa ya nuna abin da zai yi. Bana aka nemi masu kwanciya a matsayin waɗanda suka ji rauni. Ni da rawar kai na ɗaga hannu, ko gaya masa ban yi ba. Aka shafe mini ƙafa da jan fenti, aka kwantar da ni a ƙofar ɗakin injuna, aka ce in yi ta ihu. Ni da nake jan waƙa a coci, ihu ai ba sai an koya mini ba.

Jiniya ta tashi, sai ga Semisi a guje. Na ƙwala masa kira, har da sunan da nake kiransa a gida. Ya dube ni ido cikin ido, ya tsallake ƙafata, ya je ya rufe famfon mai. Na ce to, yanzu zai dawo kaina. Ya dawo ɗin, amma ya sake wuce ni, ya durƙusa gaban Pita. Anti, Pita ba mutum ba ne. Tsohuwar rigar aiki ce da aka cika da yashi, aka ɗora mata hular kwano, don ta tsaya a matsayin wanda ya suma. Wannan Pitan mijina ya saɓa a kafaɗa. Ni wasu ne suka kwashe ni daga baya.

Manaja ya yaba masa a gaban kowa. Tsibirin namu kuwa, in ka yi tari a kasuwa, a bakin teku za a yi maka sannu. Masu sayar da kifi yanzu gaisuwarsu ita ce, "Matar Semisi, ya jikin Pita?" Yayarsa Fololina, wadda in ta yi magana a danginsu ba mai ɗorawa, ta ce mini wai haka mazan gidansu suke, aiki kafin kowa. Har yau ban gane ba, yabo ne ko gargaɗi.

Ba fushi nake ba, ko kuma ɗan kaɗan. Abin da ke cina shi ne son sani. Da wutar gaske ce, jinin na gaske, haka zai tsallake ni? Shi bai ce uffan ba. Ana tsokanata ba ya dariya, ya ma rage zuwa wurin shan kaba, abin shan gargajiyarmu, da abokansa. Ni kuma na kasa tambaya, don amsoshin biyu duk tsoro suke ba ni. In ya ce zai wuce, ta yaya zan ci gaba da zuba masa doya da kifi kamar ban ji ba? In ya ce zai tsaya, ke nan wanda muka damƙa wa wutar asibitinmu ba abin dogara ba ne. Ga guguwa na tafe. In tambaye shi, ko in haɗiye?

Wadda Aka Tsallake

*

'Yata, na yi dariya, sannan na ji tausayinki. Ba macen da za ta kira mijinta tana kwance ya wuce, zuciyarta ba ta sosu ba, ko da jinin na fenti ne. Kada ki bar kowa ya ce miki shagwaɓa ce.

Amma ga abin da ake koya musu. Mai ihu yana numfashi, wanda ya yi shiru shi ne a bakin mutuwa. Da kika kira sunansa da wannan muryar taki ta coci, ke da kanki kika shaida masa kina raye. Shi kuma famfon mai, in ba a fara rufe shi ba, wanda ya tsaya ɗaukar matarsa su biyu za a binne, da maƙwabta.

Inda Semisi ya gaza shi ne shirun nan. Ke ma kin yi masa ba-zata: kin shimfiɗa masa matarsa cikin jini ba gargaɗi. Mutumin da abin bai dame shi ba, da tuni ya bi masu kifi yana tsokanarki.

Ku je wurin manaja tare kafin guguwa ta iso, ku roƙi a daina haɗa mata da miji a sashe ɗaya ranar gaggawa. Ku tsayar da inda za ku tattaru ke da mutanen ofis, don ya san kina can, hankalinsa ya zauna kan aikinsa. Fololina kuwa, ki yi mata murmushi, ba da ita kike aure ba.

Tambaya, ki yi ta, amma ba wadda kika shirya ba. Amsar waccan kin riga kin gani da idonki: zai wuce, kuma ya kamata ya wuce. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ki tambaye shi me ya ji a ransa lokacin da ƙafarsa ke tsallake taki. Daga nan ki yi shiru, ko sau ɗaya a rayuwarki, ki bar shi ya gama.

Allah Ya tsare ku, Ya sa guguwar bana ta bi ta teku.

Anti Meleane