Ƙafar Clifford

Fleetwood, Litinin

Ƙanwata Hazel,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Yaya Dennis da jikoki? Ni lafiyata ƙalau, haushi ne dai ke neman kashe ni.

Maigidana Clifford ne ba daɗi. Ƙishirwa ta sa shi gaba, sai ya shanye butar shayi ya nemi ƙari. Idonsa na hazo, ga wani gyambo a babban yatsan ƙafarsa ta dama da ya ƙi warkewa tun Kirsimeti.

Kin san asibitin unguwarmu, inda tsohon Likita Hargreaves ya san mu har da sunan karenmu. To yanzu sun kafa doka: ciwo ɗaya kake faɗa a shiga ɗaya, in kana da na biyu ka sake neman layi. Kuma kullum sabuwar fuska. Ya je kan ido, aka ce ya tafi shagon tabarau. Ya je kan ƙishirwa, wata ta ce ya rage gishiri. Ƙafar kuwa bai taɓa nuna ta ba, wai kunyar cire safa yake ji, ga mutane na jira a waje. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a jirgin kamun kifi yana kokawa da teku, yau takardar dokar da aka manna a ƙofa ce ke ba shi tsoro!

Na ce masa, “Tsoho, Alhamis ƙafata ƙafarka.” Ya ce, “Noreen, don Allah kar ki tara mana jama'a.” Zan tara kuwa.

Ki gaida Dennis.

Yayarki,
Noreen

Fleetwood, Lahadi

Ƙanwata Hazel,

Ina fata kuna lafiya. Saƙonki ya iso, na gode da addu'a.

Mun shiga. Likitan yaro ne sabo, Likita Pereira, idonsa na kan na'ura. Na fara jero masa, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, “Uwargida, ɗaya za mu duba yau. Wanne ya fi damunsa?” Clifford ya buɗe baki zai ce ido. Ban bari ba. Na durƙusa da wannan bayan nawa, na fizge takalmin, na zare safar, na ɗora ƙafar a kan kujerar likitan. Na ce, “Ba zan tashi ba sai ka kalli mutumin nan tun daga kai har ƙasa. Ka kira 'yan sanda in ka ga dama.”

Hazel, warin ya cika ɗakin. Yaron ya durƙusa kusa da ni, ya riƙe ƙafar da hannu biyu. Shi da kansa ya kira motar asibiti. Ba na jin haushinsa, ba shi ya kafa dokar ba.

Ciwon sukari ne, ya daɗe yana cinsa. Idon da ƙishirwar da gyambon duk abu guda ne.

Washegari manajar asibitin unguwar ta bugo waya, wai na ɗaga murya na tsorata ma'aikata, in na ƙara za a cire sunana daga cikin marasa lafiyarsu. Kin ce mu koma wani asibitin mu huta. Ina! A nan aka yi wa 'ya'yana rigakafi, su ne za su gyara hali, ba ni zan gudu ba.

Jiya aka yanke ƙafar daga idon sawu. Likitan tiyatar ta ce da an gani da wuri, da yatsa ɗaya kawai zai tafi.

Da ya farfaɗo na kama hannunsa. Ya dube ni, leɓensa a bushe, ya ce, “Noreen, ki saya wa 'yan matan ofishin asibitin unguwarmu biskit, ki ba su haƙuri. Mun ɓata musu lokaci.”

Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Mama. Gobe da safe zan je wurinsu, amma ba da biskit ba. Takalminsa na dama zan ajiye wa manajar a kan tebur.

Ki sa mu a addu'a.

Yayarki,
Noreen