Jan Tsumma a Gonar Yaya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya kai haske makwancinki. Na san saƙo ba ya isa inda kike, amma na gaji da faɗa wa masu rai, ba sa ji.

Kin tuna yadda kike tura mu bakin gonaki da damina mu tsinko tafasa? Kikan ce, "Ku tsinka a ko'ina, ba wanda ya shuka ta." Har yau haka ake yi, gonakin ne suka canza. Fartanya ta ja baya, sai feshin maganin ciyawa da na ƙwari. Gonakinmu kuwa kin san su, har jikin katanga suke zuwa.

Takwararki, autata, ita ta tsinko mana a gonar Yaya Sani, ba ta san da safen ya yi feshi ba. Na dafa, na kwaɗa da ƙuli, ita ta fara ci. Kafin la'asar tana ta amai, yawu na dalala. A babur muka kai ta asibiti a Minjibir. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma har yanzu hannunta na rawa in ta ɗauki moɗa.

A kasuwa, cikin robar lemo ake tsiyaya wa mutane maganin nan, ba bayani, ba gargaɗi. Na yi magana a gidan suna, na je wajen mai unguwa. Kowa ya ce Allah Ya kyauta, ya kama gabansa.

Ni ban ce a daina feshi ba. Abu ɗaya na roƙa: wanda ya yi, ya kafa sanda ya ɗaura jan tsumma, mata da yara su gani su kauce. Ɗanki Yaya Sani ya ce shi da ke sahun gaba a masallaci, ba za a ce ya kafa asiri a gona ba. Inna, sunansa yake ji wa tsoro, alhali 'yar ƙanwarsa ce ta kusa tafiya.

Sai na yaga tsohon jan zanena. Duk inda na ji warin feshi, in je in kafa sanda in ɗaura. Ya kuwa yi aiki, ba mai raɓar wurin. Amma fa ba gubar suke gudu ba, sun ɗauka tsibbu ne. Yanzu ni ake nunawa da baki, Yaya ma ya daina amsa gaisuwata. Abin ya ci mini rai, har kuka na yi.

Jiya na hango wata yarinya da ƙwarya a hannu. Ta tsaya, ta dubi tsumman, ta juya gida. To, a kira ni duk abin da aka ga dama. Zanen ya ƙare, na ciro wani.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yafe miki. Ya ba takwararki lafiya, Ya tsare 'ya'yan mutane, Ya tausasa zuciyar ɗanki.

Taki har kullum,
Hansatu