Durowar Da Aka Tsallake

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Baba ya ce har yau kin ƙi riƙe sanda, wai kada a ce kin tsufa.

Aiki aka ɗora min a laburaren da kika yi ritaya. Shugabanmu ya ce in zauna a teburin karɓar masu karatu tsawon wata guda, in riƙa rubuta abin da kowa ya zo nema, in ga ko kundin littattafan da ke kwamfuta yana kai shi ga littafin. Abin ya ɗaure min kai. Kundin ya san marubuci da sunan littafi da shekara, mutane kuwa ba da waɗannan suke zuwa ba. Wata ta ce min, "Mai hoton kifi a baya nake so."

Wanda ya tsaya min a rai wani tsohon tela ne. Ya ce yana saurayi ya ga hoton mahaifinsa a wani littafi a nan, cikin maginan wata gada. Mahaifin ya rasu yana goye, kuma ba shi da wani hotonsa. Abin da ya riƙe kawai, bangon ja ne. Idonsa ɗaya ya mutu, likita ya ce ɗayan ma ba zai kai baɗi ba. Na buga "gada", na buga "magina", ba abin da ya fito. Ku a da yaya kuke yi da irinsa?

Ki huta lafiya.
'Yarki, Sarkin Tambaya

*

Sarkin Tambaya,

Na amsa gaisuwa. Ki ce wa ubanki ya riƙe sandarsa, shekara biyu kacal na ba shi.

Sai yanzu kuka gano mutane ba sa haddace sunan marubuci? Sannunku da ƙoƙari. Kafin in ba ki amsa, ina akwatinmu na katako mai katunan sunayen littattafai? Durowa sittin ne. Da aka kwafe su a kwamfuta, har ta sittin ɗin aka kwafe? Ki duba ki gaya min, kada ki yi min kame-kame.

Allah ya yi miki albarka.
Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Akwatin yana sito, bayan karyayyun kujeru, an manna masa takarda cewa za a ƙone katunan ƙarshen wata. Na tambayi wadda ta jagoranci kwafewar. Ta ce hamsin da tara suka shigar. Ta sittin babu marubuci ko ɗaya a cikinta, duk rubutun fensir ne, sai suka ɗauka shirme ne.

Na jawo ta. A goshinta an rubuta "Ban san sunansa ba", kuma na gane hannunki. Gwaggo, mene ne wannan? "Kore, mai ƙamshin magani." "Wanda kura ta auri malami." Na yi dariya har ƙura ta shaƙe ni. Na duba ƙarƙashin "gada", babu. Telan ya sake zuwa jiya, jikarsa na riƙe da hannunsa. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

'Yarki

*

'Yata,

Lafiya lau nake. Shekara talatin, duk wanda ya zo da kwatance maimakon suna, in muka dace da littafin, sai in rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, in sa lambar littafin a ƙasa. Shugabana na lokacin ya ce ɓata kati nake yi, shi ya sa na koma fensir.

Kin nemi "gada" don ke ma kan kwamfuta gare ki. Da kalmar da mutum ya fara furtawa nake jerawa. Me telan ya fara ce miki? Kuma kada ki tsaya neman jan bango a kan kantocin littattafai, an sake wa rabin littattafan nan bango shekarar da rufi ya yi yoyo.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Abin da ya fara cewa shi ne, "Babana yana ciki." Na duba "Babana". Kati ɗaya ne: "Babana yana ciki. Ja. Shafi na 61, na uku daga hagu. Tela ne, ya ce zai dawo." Kin sa kwanan wata, shekara talatin da takwas ke nan.

Lambar da ke ƙasan katin ta kai ni ga littafin. Rahoton ma'aikatar ayyuka ne, bangonsa shuɗi yanzu, kuma babu gada a sunansa. Na kai telan bakin taga, na ba shi gilashin ƙara girman rubutu. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya ce wa jikar, "Zo ki ga kunnuwanki." Ni ce na yi kukan, ba shi ba.

Na ajiye durowar a teburin shugabanmu tare da rahotona. Ya karanta kati goma a tsaye, ya aika a cire takardar ƙonawa. Yanzu yana tambaya a wane gurbi na kundin kwamfuta za a shigar da "mai ƙamshin magani".

'Yarki

*

Sarkin Tambaya,

Gurbin matsalarku ce, ku kuka yi karatun zamani.

Na tuna shi, da tef ɗin awo a wuya. Ki samo fensir, ba biro ba, ki ƙara a ƙasan katin: "Ya dawo."

Gwaggonki