Inna, Ɗalibaina Ƙiba Suke So

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Shekara huɗu rabona da muryarki, amma a zangon karatun nan na ji ta har na gaji.

Har yanzu ina koyar da kiwon lafiya a makarantar 'yan mata a nan Dutse. Mako uku na yi ina bayyana musu abubuwan da suke taɓa lafiyar mutum: cima, barci, ruwan sha, ƙawaye, da abin da ake faɗa masa a gida. Sannan na ce kowace ta rubuta buri ɗaya ƙarami wanda za ta iya cikawa kafin hutu. Na kwaso takardun na taho gida unguwar Takur, ina karantawa ina tsaki. Wannan fari take so ta yi. Waccan ƙiba take nema kafin Sallah. Wata har sunan ƙwayar ƙiba da take sha ta rubuta mini. Mako uku, Inna, ashe ni kaɗai nake jin kaina.

Mai ƙwayar ita ce Safiya, 'yar Aujara da take zaune a gidan yayarta, yarinya siririya mai ƙoƙari. Da na duba ta da kyau sai na ga fuskar ta kumbura, ga ƙuraje. Ta ce kakarta ce ta aiko mata, don a wajen wani biki an yi ta cewa ba a ba ta abinci a birni.

Ranar Asabar na hau mota sai Aujara. Na tarar da tsohuwar tana sheƙar gero. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura, ta saurare ni tsaf, sannan ta ce boko ne yake damuna, ita jikarta ba za ta zama abin nuni ba. Har karkata kan irin naki. Nan take na tuno yadda kike tsare ni da kwanon tuwo kina cewa, “Cinye, kada a ce yunwa muke yi.” Na tuno maganin hawan jininki da muka tsinta a ƙarƙashin katifa bayan rasuwarki, ko ɗaya ba a ɓalle ba, alhali kullum kina ce mana kin sha. Ina koya wa 'ya'yan mutane, uwata ta gagare ni. Har yau haushin nan bai sake ni ba.

Na dawo da ciwon kai kawai. Ni da yayarta muka kai Safiya asibiti. Likita ya ce irin wannan ƙwayar ba a yanke ta lokaci ɗaya, aka riƙa rage mata har kumburin ya sauka. Ta sake rubuta burinta: karin kumallo kullum kafin ta fito.

Jiya ina ofis sai ga tsohuwar. Ta kwance bakin zaninta, ta zube ragowar ƙwayoyin a kan teburina. Ba ta ce na yi gaskiya ba, irinku ba kwa faɗa. Cewa ta yi jiri yana yawan ɗibarta, ko ita ma akwai takardar buri irin ta Safiya da zan rubuta mata. Na rubuta mata awon jini ranar Litinin da rage gishiri, na karanta mata sau biyu. Na riƙo hannunta har bakin titi, tafin duk ya yi kanta, ga ɗumi kamar naki. Da na koma sai da na rufe ƙofa na ɗan jima.

Ni zan kai ta asibiti ranar Litinin, kuma idan an ba ta magani, a gabana za ta haɗiye na farko.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a inda babu ciwo.

'Yarki da ta gaji taurin kanki,
Rabi