Murfin Samirar Inna

Zuwa ga mahaifiyata Inna Hajara, Allah ya haskaka makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ake durƙusawa har ƙasa a yi, ina sanar da ke ina nan lafiya a Alƙahira, sai dai kewa. Na san babu mai kai miki wannan wasiƙa. Masu bibiyata a shafin nan ne za su karanta, su yi haƙuri, yau ba da su nake ba.

Inna, na je neman murfi.

Kin san wanda nake nufi. Ranar da zan taho karatu Masar, kin cika samirarki mai jan fure da dambun nama, kika ɗaure bakinta da ɗankwali tamau. Murfin kuwa kika mayar da shi kan jerenki. Ni 'yar fari ce, ba ki taɓa kiran sunana ba, balle ki ce za ki yi kewata. Bango kika kalla kika ce, "Ke, murfin yana nan. In kin gama abin da ya kai ki, kya zo ki ɗauka." Daga Funtuwa har Kano ina dariyar rowarki a mota. Sai da jirgi ya ɗaga na gane cewa kin ce in dawo ne.

Ban zo na ɗauka ba. Rasuwarki ta same ni tsakiyar jarabawa, kuma kafin in iso gida an raba kayan ɗakinki. Murfi marar kwano bai faɗa rabon kowa ba. Ƙanena Sani ya ce wataƙila yara ne suka kai wa 'yan gwangwan aka ba su alewa. Ban yi masa faɗa ba, don ni ce ba ni nan.

Yanzu ni kaɗai ce a gidan da muke haya a unguwar Hayyus Sabi'. 'Yan matan da muke tare sun gama sun koma, ni na tsaya ƙarin karatu. Ina wuni ban yi magana da kowa ba sai mai sayar da burodi. Samirarki tana saman firji, kuma kada ki ji haushi, makulli da katin jirgin ƙasa nake zubawa a ciki. Samirar da ta fi mai unguwa sanin gidajen layinmu. Kullum kafin magariba sai ta fita, yau gidan mai jego, gobe gidan Malam makaho. Kina cewa, "Kwanon da ba ya fita, ko na zinariya ne, na marowaciya ne."

Ranar Juma'a na naɗe ta a mayafi na bi motoci har ɓangaren Giza. Akwai kasuwar tsofaffin kaya da ke ci a fili a bakin tur'a, wato magudanar ruwan da aka janyo daga Nilu. Ruwan kore ne, ba ya ko motsi, kuma ba zan yabi ƙamshinsa ba. An shimfiɗa barguna a ƙasa tun daga gada har inda ido ya tsaya.

Da kina nan da kin riƙe baki. Ga dutsen guga na gawayi irin wanda kika ƙi rabuwa da shi, ga fitilun ƙwai, ga keken ɗinki, ga agogunan bango kowanne da nasa lokacin. Wani ya tara makullai a tasa, ba a san ƙofofinsu ba. Wani kuma hotunan aure yake sayarwa, ango da amarya sun sha ado, masu wucewa suna ɗagawa suna ajiyewa. A nan na tsaya. Duk abin da ke kasuwar nan kayan ɗakin wata ne, ta goge, ta adana, ta hana yara taɓawa, magada kuma suka kira mai kura ya kwashe. Mutane maƙil, ana ta ciniki da ƙarfi kamar ana faɗa, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na wurin ba.

Kusa da ƙarshen layi na sami wani dattijo mai sayar da kwanuka, ana kiransa Ammu Ragab. Ina kwance mayafina ya karɓi samirar, ya ƙwanƙwasa gindinta da farce, ya taɓe baki ya fara taya ta. Ya ɗauka sayarwa na zo yi. Inna, ban san lokacin da na fizge ta na rungume ba. Na ce masa ta mahaifiyata ce, murfi nake nema. Ya dube ni, ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, ya yi miki addu'a, sannan ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburinsa. Murafe ne zalla. Ya ce marayu yake kiransu, don duk kwanukansu sun riga su tafiya.

Na tsuguna a bakin ruwan nan ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya faɗa ciki, wancan ya yi mata hula. Na sami mai jan fure, na ɗora, sai ga shi yana rawa. Ina sane sarai murfinki ba zai tako daga Funtuwa ya zo Giza ba, amma zuciya ba ta da hankali, sai da na juya shi ina neman ɗan tabon nan na gefe, inda ya ɓare ranar sunan Sani. Babu.

Wanda ya zauna daram shuɗi ne, marar fure, marikinsa ya ɗan lotsa. Ko kusa bai dace da ita ba. Da kin gani da kin ce an sa wa amarya hular ɗan dako. Amma da na ɗora shi ya yi ƙarar nan, ƙwal, wadda in muka ji daga ɗaki mun san an gama rabon abinci. Da babu gara ba daɗi, na ce shi nake so.

Yana naɗe mini shi a jarida ya tambaye ni wa zan kai wa abinci, tunda mai ci shi kaɗai ba ya neman murfi. Na buɗe baki, na rasa suna ko ɗaya. Don in fita kunya na ce maƙwabciyata. Sai ya ja mini kunne. Ya ce in na kai, kada in kuskura in je tambayar kwanona, domin a Masar kwano ba ya komawa gidansu wayam. Sai mai gidan ta dafa abin da ta ga ya isa ta zuba, ko da zai kwana nawa. Tambaya kuwa cin fuska ce.

A mota ina ta juya maganar. Mu da ake wanke kwano a maido tun kafin isha, har da tukwicin ɗan aike. Kuma wannan samirar ita ce kaɗai abin da ya rage mini wanda hannunki ya taɓa. In ta fashe fa? In aka manta ta wa ce?

Maƙwabciyar tawa gaskiya ce, akwai ta. Ummu Hani, wata tsohuwa da ƙofarmu ke kallon juna, 'ya'yanta duk suna ƙasashen waje. Sallama kawai muke yi a matakala, kuma har yau 'yar Sudan take ɗaukata. Washegari na zazzage makullin da katin, na wanke samirar, na yi dambun shinkafa da busasshen zogalen da ya rage mini. Na rage yaji saboda harshensu. Na tsaya a ƙofarta na ƙwanƙwasa. Ta buɗe, ta ɗaga murfin, ta shinshina, ta tambayi sunana. Na faɗa mata, ta maimaita har sau biyu don ya zauna. Ta karɓa ta rufe ƙofa.

Har yanzu ba ta dawo da ita ba, Inna. Saman firjin fayau yake. Jiya na sa hijabi na kai har bakin ƙofarta, na ɗaga hannu, na tuna maganar dattijon, na dawo na zauna.

Amma tun azahar ɗin yau ƙamshin soyayyar tafarnuwa yake fitowa daga gidanta. Ɗazu kuma ina cikin rubutun nan na ji ƙwal ta bayan bango. Na san ƙarar. Na share falo, na ɗora ruwan shayi, na fito da kofi biyu. Tun da na zo ƙasar nan yau ne na fara zaman jiran a ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Ban zo na ɗauki murfin ba, ki yafe mini. Amma samirarki ta fita.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sa duk lomar da kika fitar daga gidanmu ta tarbe ki a can. Ya haɗa fuskokinmu a gidan da ba a rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
'yar farinki, wadda kike kira Ke.